Saƙon Baba da Kiɗan Mutum Uku

Ranar Talata ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji biyar a lekol, makarantar bokon unguwarmu ta Jambutu. Bazara ta kankama, irin zafin Garwa da ke sa ƙadangare ya buɗe baki a jikin katanga. Ina zaune a tsakar gida da 'yar sanda ina gadin kilishin da aka shanya kada shaho ya sure, sai na ji Baba ya ƙwala mini kira daga zaure wai in kawo rakoda. Na bar wa ƙanena sandar na ruga. Na tarar da zauren a cike. Abokan fawarsa huɗu sun biyo shi daga kasuwa bayan la'asar, rigunansu na tashin warin kitse, ga kuma Ummaru shofer, Bafillacen da ke jan babbar mota tsakanin Garwa da Yawunde, yana fifita da hularsa. Shi ne ya kawo kaset daga wurin babban yayana, Hamma Jibrilla, wanda ya raka shanu Kudu wata bakwai da suka wuce bai dawo ba. Baba ya miƙo mini kaset ɗin fuskarsa a sake, har yana ce wa abokansa su matso su ji ɗansu. Na saka, na danna, na koma gefe na durƙusa.

Hamma ya fara da gaisuwa kamar yadda aka saba, ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya bi dangi gida gida har da akuyar da ya bari da ciki. Aka yi dariya. Daga nan muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa, kamar ya matso da bakinsa jikin rakoda. Ya ce ba zai dawo fawa ba. Ya ce ya haɗu da wani tsoho mutumin Kudu mai gyaran fiyano, tsohon ya gwada kunnensa ya ɗauke shi koyon aiki, suna zagaya makarantu da otal-otal da coci-coci suna daidaita wa fiyano murya. "Ba kiɗa nake ba, Baba, gyara nake, kuma ban bar salla ba," in ji shi. Ya roƙi a sa masa albarka, ya yi sallama, aka ji ƙas. Kafin kowa ya sami bakin magana sai kiɗa ya tashi a zauren. Ashe a kan wani tsohon kaset na maigidansa ya ɗauki maganar, maganar kuwa ba ta kai minti goma ba, saboda haka abin da ke ciki tun asali ya ci gaba da kansa. Ɗaya daga cikin abokan Baba, wani mai tsinin baki, ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai Hashimu, ashe an yi maka makaɗi a gida! Mu dai a gayyace mu coci ranar biki." Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Kashe." Na kashe, mutanen suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu.

A wancan zamanin da kaset ake aika magana. Wanda ke da ɗa a Duwala ko ƙanwa a Kusiri ba ya neman mai rubuta wasiƙa, zama yake a gaban rakoda ya faɗi abin da ke ransa da Hausarsa ko Fillancinsa, a naɗe kaset a takarda a ba direba. Al'adar kuwa ita ce amsa a bayan kaset ɗin da aka aiko ake ɗaukar ta, don mai saƙo ya tabbata an ji nasa. A gidanmu ni ce mai wannan aikin. Hamma ne ya koya mini kafin ya tafi, yadda ake danna jan madanni tare da na kunnawa lokaci ɗaya, yadda ake toshe 'yan ramukan kan kaset da salatif, yadda ake mayar da zare baya da biro don kada pil, wato batir, ya ƙare. Baba bai taɓa taɓa rakodar ba duk da shi ya saye ta. Hannunsa kullum da maiƙo, kuma a ganinsa danne-danne aikin yara ne. Matan unguwa ma ni suke aiko wa, na zauna in ɗauki kukansu da tsegumi da tambayar lafiyar jikoki. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya na san asirin gidaje fiye da unguwarzoma, kuma ina ji da kaina sosai, har Inna kan ce in rage ɗaga hanci kada ruwan sama ya shiga.

Rigimar Baba da Hamma ba a ranar ta fara ba. Mu gidan fawa ne tun kakan kakanmu da ya biyo fatake daga ƙasar Kano ya zauna a bakin Binuwai. Baba na da magana guda da yake maimaitawa in yana wanke hannu: "Hannun da bai san kitse ba, ba na gidan nan ba ne." Hamma kuwa tun yana ƙarami in an kai shi mayanka sai ya dawo ya kasa cin tuwo. Ya iya aikin, ba a nan take ba, yana fiɗa da kyau, amma hankalinsa na kan sauti. Yakan ƙwanƙwasa tulu ya faɗa wa Inna inda zai tsage tun bai fara yoyo ba. In mota ta wuce a bayan katanga ya san ta waye. Shi ne yake goya ni in muka je wanki kogi, yana nuna mini inda dorina ke fito da hanci. Da ya tafi na fi kowa kewarsa in ban da Inna, ita kuwa ba ta faɗa, sai dai kullum ta zuba tuwo ya yi rara daidai cikin mutum ɗaya.

Ummaru ya ce sai bayan kwana bakwai zai koma Kudu. Baba ya ce a ajiye kaset ɗin, zai ba da amsa. Aka sa shi a kan kwanukan Inna, gidan ya yi tsit, kowa na tafiya da sanɗa. Ni kuma wani abu ya tsaya mini a rai, wato ɗan guntun kiɗan nan da na ji kafin in kashe. Washegari da muka taso daga lekol da tsakar rana, bayan na kai wa Baba abincinsa kasuwa na dawo na wanke hanji da tumbin da ya aiko, na jira Inna ta miƙe a inuwar dalbejiya barci ya ɗauke ta. Na ɗauki rakoda na shige ɗakin da ake ajiye buhunan dawar masakwa, na janyo ƙofa, na juya kaset ɗin baya, na rage ƙara na manna kunnena. Zufa na bin bayana, ɓeraye na ƙaraf-ƙaraf a bayan buhu, amma ban motsa ba har zaren ya ƙare.

Ban san sunan abin da nake ji ba. Sai da na girma na san ana ce masa jaz, kuma mutum uku ne kawai, mai fiyano, mai wani ƙaton abu kamar goge da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, da mai ganguna. A jikin kaset ɗin an rubuta wata kalma da Faransanci da jan biro, malaminmu na lekol, metir, shi ya faɗa mini ma'anarta, wai su uku. Da fari jira na yi ta yi mawaƙi ya shigo, don ni duk kiɗan da na sani share fage ne ga mai waƙa, ko na kalangun mahauta ko na gogen Fulani. Ba wanda ya shigo. Fiyano ya yi ta tafiyarsa, ya tsaya inda ban zata ba, ya koma ya ɗauko abin da ya faɗa ɗazu ya sake faɗinsa ta wata hanya. Mai kaurin nan yana ƙasa yana takawa, dum dum dum, ba ya sauri ba ya gajiya, irin tafiyar Baba in zai tafi masallaci. Mai ganguna kuwa ba duka yake ba, shara yake, sak ƙarar tsintsiyar Inna a kan yashi da safe. Abin da ya fi kama ni shi ne suna jin junansu. Akwai wurin da biyu suka ja baya suka bar mai kaurin shi kaɗai yana magana a hankali, ba wanda ya katse shi, da ya gama sai fiyano ya amsa da taɓi biyu kacal. In na danne kunne sosai ina jin kujera ta yi ƙara, ina jin wani yana gurnani a maƙogwaro yana bin yatsunsa, har da wanda ya ja numfashi. Mutane ne a cikin ɗaki, ba na'ura ba. A gidanmu in Baba na magana kowa shiru yake, in ya fita kowa ya yi ta magana lokaci ɗaya, ban taɓa jin mutum uku sun yi hira irin wannan ba.

Haka na yi kwana shida. Na cinye pil ɗin rakoda, na shanya su a rana kan kwanon ɗaki, na ciccije su da haƙori don su ƙara ba da wuta. A filin lekol ƙawayena na carafke da gaɗa, ni ina gefe ina taka ƙafa da tafiyar mai kaurin nan, har wata ta ce ko aljanu sun shafe ni. Na ƙona miya sau ɗaya, na bar shaho ya sure kilishi sau biyu, na sha ranƙwashi. Ban damu ba. Abin da ya dame ni lissafin kwanaki ne, don na san al'ada. Amsar Baba a bayan kaset za ta hau, kuma duk inda muryarsa ta bi kiɗan ya goge ke nan har abada. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: a kwanakin nan ban yi tunanin abin da Baba zai ce wa Hamma ba. Na ɗauka faɗa ne irin wanda aka saba. Kiɗan kawai nake jin tausayi.

Ranar Litinin bayan la'asar ya kira ni. Shi kaɗai ne a zaure, ya yi wanka ya sa farar riga, abin da ba ya yi sai Juma'a. Ta wutsiyar ido na hango zanen Inna a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida. Na durƙusa a gabansa na ajiye rakoda, na saka kaset ta baya. Ban shirya komai ba, wallahi ban shirya ba. Yatsuna biyu na kan madannai, sai na ga babban yatsana ya murɗe ƙara ƙasa har ƙarshe, ɗayan kuma ya danna na kunnawa shi kaɗai ya bar jan a tsaye. 'Yan tayoyin kaset suka fara juyawa a bayan gilashi. Na ɗora tafin hannuna a kan madannan kamar ina riƙe rakodar kada ta faɗi, na ce, "Bismilla, Baba."

Ya gyara murya. Bai yi gaisuwa ba. Ya ce, "Jibrilla, ni ne ubanka Hashimu." Ya ce ya ji saƙo, kuma jama'a sun ji. Ya ce tun da ya zaɓi bin arna cikin coci da gidajen giya a kan sana'ar iyayensa, to daga ranar kada ya ƙara taka zauren nan. Ya ce ya cire shi daga cikin 'ya'yansa. Ya ce ko mutuwa ya yi kada ya zo kan gawarsa, kuma bai yafe ba, duniya da lahira. Muryarsa ba ta tashi ba, a kwance ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya kamar yana jera nama a tebur. A bayan ƙyaure na ji Inna ta toshe bakinta. Ko yaro ya san bakin uba ba abin wasa ba ne, in ya fita ya isa kunnen ɗa ba ya dawowa. Ga wani tashin hankalin kuma, duk da na murɗe ƙarar, daga cikin rakodar ina jin fiyano can ƙasa siriri kamar kukan sauro. Na yi tari. Na sake yin tari na goga gwiwa a tabarma. Baba ya harare ni, ya ci gaba.

Da ya gama ya tsaya kallon tayoyin. Kowa in ya gama ɗaukar magana cewa yake a maido a ji, ban taɓa ganin wanda bai ce ba. Na tsayar da kaset, na zauna ina jiran kalmar. Ya ce, "Ya ɗauka?" Na ce, "Ya ɗauka, Baba." Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa ido da ido. Ya miƙo hannu har ya kusa taɓa rakodar, sai ya janye ya ce, "Cire. Na san abin da na faɗa." Da kansa ya naɗe kaset ɗin a takardar siminti ya ɗaure da zare. Da safe Ummaru ya zo ya karɓa, ya shafa kaina ya ce, "Jam na, bingel? Lafiya, yarinya? Me ya sa idonki ya faɗa?" Na ce zazzaɓi ne.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Inna ta daina magana sai ta dole. In tana daka sai in ga hawaye na bin haɓarta suna ɗiga cikin turmi, ba ta sharewa. Ta daina zuba tuwon rara. Ni kuwa maganin kukanta na cikin bakina, amma na kasa buɗe shi. Da fari tsoron duka ne. Daga baya na gane wani abu: Inna ba ta iya ɓoye komai, in na faɗa mata fuskarta za ta washe, Baba zai gani, zai tambaya, kuma akwai rakoda a wasu gidajen da yaran da za su danna ja ba gardama. Saboda haka na bar uwata tana kuka. Sau uku ina zuwa bakin ɗakinta da niyyar faɗa ina juyowa. Har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina, kuma ban tabbata na yi daidai ba.

Baba ma bai zauna lafiya ba. Abincin da nake kai masa kasuwa rabi yake dawowa. Mutumin da bai taɓa yanka yatsa ba a shekara talatin na fawa, sai ga shi ya shigo gida da tsumma a hannu jini ya jiƙa shi. Ya daina zaman hira da abokansa. In babbar mota ta tsaya a bakin layi sai ya ɗaga kai, sannan ya yi kamar wani abu yake dubawa a bango. Da Ummaru ya dawo bayan mako uku ni na fara tare shi, don na san in Hamma ya aiko da wani kaset yana tambayar dalilin da aka mayar masa da nasa babu amsa, a gaban Baba zan saka shi da hannuna. Ummaru ya ce ya ba shi hannu da hannu, bai ba da komai ba. Baba ya gyaɗa kai ya shiga gida, ranar ko ruwa ban ga ya sha ba sai da magariba.

Saura kwana biyu babbar Sallah, hadarin farko ya haɗu ta gabas ya watse bai zubar ba. A irin wannan lokaci duk unguwa gidanmu take kawo wuƙaƙe a wasa mata saboda layya. Baba na zaune a zaure da hantsi, ga tulin wuƙaƙe a gefensa, dutsen washi tsakanin ƙafafunsa, ni kuma ina zuba masa ruwa a kai da ɗan gwangwani. Aka yi sallama. Tun kafin in ɗaga kai na san muryar, gwangwanin ya kuɓuce mini. Hamma ne a bakin ƙofa, ya rame, ya yi haske, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya tako cikin zauren da aka hana shi takawa, ya durƙusa. Baba bai amsa sallamar ba. Wuƙar na hannunsa, ruwa na ɗiga daga bakinta.

"Saƙona bai same ka ba?" in ji Baba.

"Kaset ya iso, Baba, amma babu muryarka a ciki," in ji Hamma. "Na saurara gaba da baya ban san sau nawa ba. Na kasa barci, na kasa aiki. Shi ya sa na zo in ji da kunnena, ko mene ne."

Ya zaro kaset ɗin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni a hankali. "Rakiya, kawo rakoda." Na je na ɗauko ta. Inna ta biyo ni har bayan ƙyaure, hannunta duk gari. Na saka bayan kaset, na danna. Fiyano ya shigo, mai kaurin ya bi shi, mai shara ya fara shararsa. Na zaci Baba zai ce a kashe bayan minti ɗaya, amma bai ce ba. Muryarsa yake jira. Ya ɗora wuƙar a gwiwa, ya sunkuyar da kai, muka zauna mu uku ba mai motsi, rabin awa cur. Wani yaro ya leƙo da wuƙar gidansu, ya ga fuskokinmu ya koma da baya. Kiɗan da na fi so a duniya yana tashi da ƙarfi a karo na farko ba a ɓoye ba, ni kuwa ina addu'a kada ya ƙare, don na san abin da ke bayansa. Da aka zo wurin da biyun suke barin mai kaurin shi kaɗai na ga yatsan Baba mai tabo ya motsa a kan ƙotar wuƙa sau biyu, ya tsaya. Zaren ya ƙare, madanni ya tashi da kansa, ƙas.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Baba."

"Don me?"

Da na ce don Hamma na yi, ko don Inna, wataƙila da ya fi daɗin ji. Amma na riga na yi masa ƙarya ɗaya, bakina ya ƙi ta biyu. Na ce, "Ban so kiɗan ya goge ba." Na fashe da kuka. Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Hamma ya matso da gwiwa ya ce, "Ga ni, Baba. Faɗa mini abin da ke ciki." Yanzu babu rakoda a tsakani, babu direba, babu hanyar kwana biyu. Ga baki ga kunne. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙyauren da Inna ke bayansa, ya dubi ɗansa tun daga kai har yatsun ƙafa.

"Maganar da na yi ranar nan, wa ya ji?" Ni ya tambaya.

"Ni da Inna."

"To ku ma ba ku ji ba." Ya ɗauki wuƙarsa ya mayar kan dutse. "Kai kuma tashi ka shiga ka gaida uwarka, ta daɗe a tsaye."

Bai taɓa sa wa aikin Hamma albarka da baki ba, bai kuma ƙara zaginsa ba. Hamma ya yi Sallah da mu, ya taya shi fiɗa kwana uku, ya koma Kudu, kuma har yau da furfurarsa yana can yana daidaita wa fiyano murya. Shi ne ya yi wa Baba wanka ranar da ya rasu. Ni kuwa ban tsira ba. Bayan Sallah da mako ɗaya Baba ya kira ni ya tsula mini bulala uku masu kyau, ya ce, "Wannan ta ƙaryar ce. Ɗayan kuma babu ruwana da shi." Inna ta fi shi daɗewa tana fushi da ni, wata guda ba ta kira sunana ba sai dai ta ce ke, kuma ban ga laifinta ba. Hamma bai taɓa tambayata abin da Baba ya faɗa ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba sai yanzu da nake rubutawa, in ya karanta ya yafe mana mu duka.

Yanzu ina da irin wannan kiɗan a waya fiye da yadda zan iya ji, na san sunayen masu yinsa, na san wanda ke gurnani da wanda ba ya yi. In na dawo daga aiki na kunna ina tsinke zogale, 'ya'yana suna tsokanata wai kiɗan da ba a rawa da shi ba kiɗa ba ne. Ba na musu da su. Kaset ya tafi, direbobi sun daina ɗaukar magana, kowa na riƙe da rakodarsa a aljihu. Watan jiya ɗana na fari da ke jami'a a Maruwa ya aiko mini cewa zai bar karatun da muka zaɓa masa. Raina ya ɓaci, na danna waya na faɗa masa maganganu masu zafi, irin waɗanda ban san ina da su a ciki ba. Kafin in sauke hannuna alama ta nuna ya saurara. Na zauna a bakin gado da wayar a cinya, ina jira. Babu wata yarinya a tsakaninmu da za ta bar jan madanni a tsaye.